Tarihin Rayuwata a Ɗakin Jarirai, Kashi na 7: Hanji a Ƙirji

Masu bibiya, barkanmu da wannan mako. Yau za mu taɓa jaririn da ake haifa da huda a tantanin da ya raba ƙirji da ciki.

Tantanin nan yakan gama haɗewa ne wajen mako na 8 zuwa na 10 da shigar ciki. In bai rufe ba, sai hanji da tumbi da saifa, wani lokaci har hanta, su haura ƙirji su zauna a mazaunin huhu. Ana samun haka a kusan haihuwa 1 cikin 3,000, kuma galibi hudar tana hagu ta baya, irin wadda wani likita mai suna Bochdalek na birnin Prague ya bayyana a 1848.

Iyaye kan ɗauka ɗinke hudar shi ne magani. A'a, ciwon yana huhu. Huhun da aka danne wata da watanni bai girma ba, jijiyoyin jininsa sun yi kauri, jini ba ya ratsa su yadda ya kamata. Ko an mayar da hanji yau, huhun na nan ƙarami.

Ga yadda ake gane shi tun a gadon haihuwa: numfashi sama-sama, leɓe ya yi shuɗi, ƙirji ya cika, ciki kuwa ya lotsa kamar na mai yunwa. A sa abin saurare, sai a ji bugun zuciya ya koma dama, hagu kuma shiru, ko a ji kukan hanji a wurin.

A nan ake yawan yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Hannu ya saba, jariri bai numfasa ba sai a ɗauko jakar hura iska a kifa masa a fuska. Ga wannan jaririn, iskar tumbi da hanji take shiga, su kumbura a cikin ƙirji, su ƙara matse ɗan huhun da ya rage. Abin yi shi ne a zura masa bututun numfashi kai tsaye a maƙogwaro, a sa roba mai lamba 8 ko 10 ta baki zuwa tumbi, a riƙa zuƙe iska. Kada ƙarfin iskar da na'urar numfashi ke hurawa ya wuce lamba 25 a ma'auninta, don huhun na iya fashewa. Ma'aunin oksijin a hannun dama ake ɗaura shi, kuma in ya nuna kashi 85 zuwa 95 cikin ɗari ya wadatar, ba sai an kori 100 ba. Nono, ruwa, ɗan dabinon da kaka ke son lasa masa, duk a dakata.

Hoton ƙirji ma yana ruɗi. Tumbi mai cike da iska kan yi kama da iskar da ta taru a gefen huhu, wani ya soka bututu ya huda shi. Shi ya sa ake sa robar tumbi kafin hoto: in ta lanƙwasa ta haura ƙirji, magana ta fito.

Tiyata ba a gaggawarta kamar da. Ana jira kwana biyu ko uku, ko fiye, har numfashi da jini su daidaita, sannan a buɗe ta ƙasan haƙarƙari, a sauko da kayan ciki, a ɗinke. Babbar huda sai da faci, kuma ita ce ta fi sake buɗewa yayin da yaro ke girma.

Mai cikin da sikanin ya nuna mata wannan, ta haihu a asibitin da ke da likitan tiyatar yara da na'urar numfashi. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zo kan shayarwa da amai bayan tiyata.