Ƙashin baya da yashi: abin da na koya daga Germaine Acogny

A shekarata ta ƙarshe a sashen wasan kwaikwayo, malaminmu ya ce kowa ya zaɓi mai tsara rawa guda ɗaya ya rubuta kundin kammala karatu a kansa. Na zaɓi Germaine Acogny ta Senegal. Na shiga aikin ne da tunanin da na taso da shi, cewa rawa a jini take: wanda ya iya ya iya, wanda bai iya ba ya koma gefe ya yi tafi. Kafin in gama kundin, matar nan ta raba ni da wannan tunani.

An haife ta a 1944 a Benin, lokacin ana ce da ƙasar Dahomey, ta girma a Senegal. A 1968 ta buɗe ɗakin koyar da rawa na farko nata a Dakar. Da Shugaba Senghor na Senegal da Maurice Béjart, Bafaranshe mai tsara rawa, suka kafa makarantar Mudra Afrique a 1977, ita aka ba ragamarta, har aka rufe ta a 1982. Daga nan ta yi shekaru a Turai, ta dawo gida, ita da mijinta Helmut Vogt suka gina École des Sables, wato makarantar yashi, a Toubab Dialaw, ƙauyen masunta a bakin teku kudu da Dakar.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ta ɗauki motsin da ta gada, har da na ɓangaren kakarta Aloopho, Bayarabiya, ta zauna ta tsara shi daki-daki, ta raɗa wa motsi suna. Akwai na bishiyar kuka, akwai na bishiyar rimi. Kuma duka daga ƙashin baya suke tasowa. Na sha kallon ɗalibanta a bidiyo, ƙafa ba takalmi a kan yashi, a wani fili mai rumfa da ta sa wa sunan kakar tata. Wata rana na rufe ɗaki na gwada: na kafa ƙafafu, na ɗan rusuna, na nemi in tayar da motsi daga ƙugu ya hau har wuya. Sai na lura kafaɗuna ne ke yin aikin, bayana kuwa a sandare yake. Mako uku ina maimaitawa kafin na ji abin ya ratsa gadon bayana sau ɗaya. Ranar na gane me ya sa masu rawa ke tasowa daga ƙasashe masu nisa su zo su yi makonni a wurinta.

Akwai masu cewa ta gauraya rawar gida da abin da ta koya a Faransa da Amurka, har asalin ya dusashe. Ni ban ga haka ba. Horon da ta samo can ta yi amfani da shi ne ta gina wa na gida makaranta, kuma da wannan jikin ta yi magana a kan abin da baki ke nauyin faɗa. Wasan rawa mai suna Fagaala, wanda ta tsara tare da Kota Yamazaki ɗan Japan, a kan kisan kiyashin Ruwanda na 1994 yake, ya kuma samu kyautar rawa ta Bessie a New York a 2007. A 2021 aka ba ta lambar yabo ta Zakin Zinare a fannin rawa a birnin Venice na Italiya, tana da shekara 77 kuma tana hawa dandali.

Yanzu ina koyarwa a wata sakandare, ni ke shirya yara rawar koroso idan ranar al'adu ta matso. Bara wata yarinya ta tsaya a tsakiyar atisaye ta ce, "Malam, wannan juyin da kake so mu sake, mene ne sunansa?" Ban da amsa, sai dai in nuna da jikina. Abin ya dame ni har na je wurin wani dattijo da ya yi rawar a ƙuruciyarsa.

"Baba, yaya kuke kiran wannan takun?"

Ya ce, "Ɗana, mu kallo muka yi muka ɗauka. Amma tashi ka yi in gani."

Na yi, ya girgiza kai, ya miƙe da kyar ya gyara mini inda nake ajiye diddige. Tun daga ranar nake zuwa wurinsa duk Asabar da littafi da waya. Shi ya nuna, ni in ɗauka in rubuta, Litinin in kai wa yara mu nemi sunan da ya dace da kowane taku. Zuwa yanzu mun rubuta bakwai, kuma yarinyar nan ce ke riƙe da littafin.