A Kan Keke Daga Ƙauyukan Yangshuo Zuwa Ganuwar Xi'an

Yawancin mutanenmu da ke zuwa ƙasar Sin iyakarsu Guangzhou ko Yiwu: daga filin jirgi zuwa unguwar Xiaobei, daga nan zuwa kasuwanni da masana'antu, a loda kwantena a juyo gida. Ni ma hanyata ke nan tsawon shekaru, har lokacin da wani abokin kasuwancina da ya girme ni ya ba da shawarar mu shiga cikin wata tawagar masu yawon buɗe ido a kan keke, wadda za ta ratsa ƙauyukan yankin Guangxi a kudu sannan ta ƙarasa birnin Xi'an a arewa maso yamma. Mun tashi a tsakiyar Oktoba, bayan hutun ranar ƙasa da ake farawa 1 ga watan, domin a wannan makon Sinawa da kansu suke cika wuraren yawo maƙil, kuma tikitin jirgi da ɗakin otal duk wuya suke yi.

Daga Guangzhou jirgin ƙasa mai saurin gudu ne ya kai mu Guilin cikin kimanin awa uku, a kan layin da aka buɗe a ƙarshen 2014. A can muka haɗu da sauran 'yan tawaga, akasarinsu Turawa, da wasu ma'aurata 'yan Malesiya, da jagora ɗan yankin, da kuma direban wata ƙaramar mota da ke binmu a baya ɗauke da jakunkuna, da ruwa, da famfo da kayan faci. Duk wanda ya koyi keke a kan Phoenix, wato wancan baƙin keken da ake ƙerawa a Shanghai wanda ya daɗe yana kai iyayenmu gona da kasuwa, zai tarar da cewa waɗannan kekunan wani abu ne dabam, domin ba su da nauyi, suna da giya hawa-hawa, birkinsu kuma da ɗan taɓawa yake kamawa. Jagoran ya ƙi barin kowa ya tashi sai da ya daidaita tsayin sirdi da tsawon ƙafar kowane mutum, ya kuma tabbatar kowa ya ɗaure hular kwano. A ganina wannan rabin awar ita ce ta ceci gwiwoyinmu a sauran tafiyar.

Tsakanin Guilin da Yangshuo kimanin kilomita 65 ne ta titi, amma mu ba babban titi muka bi ba, ƙananan hanyoyin siminti muka riƙa bi tsakanin gonaki. Ƙasar wurin shimfiɗaɗɗiya ce, sai dai duwatsu ne tsaye cirko-cirko ko'ina, kowanne shi kaɗai, lulluɓe da ciyayi daga gindi har ƙoli. Duwatsun farar ƙasa ne da ruwan sama ya yi ta narkarwa tsawon miliyoyin shekaru har ya bar su a haka, ya kuma huda koguna a cikinsu. A garin Xingping, a bakin kogin Li, kowa ya zaro takardar yuwan 20 yana gwadawa da abin da ke gabansa, domin hoton wannan kwanar kogin ne aka buga a bayan takardar. Wurin yana da kyau ƙwarai, amma cunkoson masu ɗaukar hoto bai bari mun daɗe ba.

Abin da ya fi zauna mini a rai a gefen kogin Yulong na gan shi, inda hanya ta yi ƙunci har mota ba ta shiga sai keke da babur. Lokacin girbi ne, kuma manoma sun shanya shinkafa a kan simintin hanyar, sun bar ɗan siririn wuri ga masu wucewa. Wata dattijuwa da faffaɗar malfa tana jan shinkafar da manjagarar katako tana juya ta, kaji suna satar ƙwaya a bayanta, ɓauna kuma na kwance cikin wani kududdufi ba ka ganin komai nata sai hanci da ƙaho. Da muka sauka muka tura kekunanmu don kada mu taka mata amfanin gona, sai ta ɗaga kai ta yi mana murmushi, ta nuna mana itacen wani irin babban lemo mai kaurin ɓawo da ke ƙofar gidanta, ta sayar mana da biyu. Kuɗin ma da waya aka biya, domin akwai takarda mai ɗauke da lambar biyanta a maƙale a jikin bango. Gaba kaɗan muka haye gadar Yulong, gadar dutse mai baka ɗaya da aka gina a 1412, a ƙarƙashinta kuma masu kwale-kwalen gora suna tura baƙi da doguwar sanda. Wanda ke cikin motar yawon buɗe ido zai ga gadar, domin tana cikin jerin wuraren tsayawa, amma ba zai ga dattijuwar ba.

Sai dai fa tafiyar tawaga tana da nata sharaɗin, kuma a nan ne na fi koyon abu. Tun ranar farko mutane suka rabu gida biyu ba tare da an faɗa ba. Akwai waɗanda motsa jiki ya kawo su, idonsu na kan agogon da ke lissafa musu kilomita, akwai kuma waɗanda kallo ya kawo su, ko wane lungu sai sun tsaya. Na gaba su yi ta jira a mararraba cikin rana suna ƙunƙuni, na baya kuma su iso a gajiye su tarar har an gama hutu ana shirin tashi. Da abin ya fara ɓata wa mutane rai, sai jagoran ya tara mu bayan cin abincin dare aka yi yarjejeniya cewa ba wanda zai wuce mararraba sai na bayansa ya hango inda ya juya, kuma lokacin hutu zai fara ne daga isowar mutum na ƙarshe. Wannan ƙa'ida ta biyu ita ce ta gyara zaman tawagar. Abokin tafiyata, wanda kusan kullum shi ne na ƙarshen, ya ce mini, “Ka gani ko, ƙanena? Yau ni ake jira kamar ango.” Na ce, “Allah ya ja da ranka, Alhaji, ai dama kai ne babba.”

Wahalar gaske a hanyar Longji take, a gundumar Longsheng da ke arewacin Guilin, inda 'yan ƙabilun Zhuang da Yao suka sassaƙa jikin tsaunuka suka mayar da su gonakin shinkafa hawa-hawa, aikin da aka fara tun zamanin daular Yuan. Hanyar hawa ce mai lanƙwasa da ba ta ƙarewa, kuma a nan na gane cewa ƙarfin cinya ba shi ne kan gaba ba. Wanda ya sauko da giya tun kafin hawa ya yi tsanani, yana juya feda a hankali ba tsayawa, shi ne ke riga mai zafin nama isa. Wasu sun sa kekunansu a mota sun hau, kuma ban ga abin kunya a ciki ba. Gangarowa ma ta fi hawan haɗari, musamman da aka yi yayyafi siminti ya yi santsi, domin matse birkin gaba shi kaɗai a kwana yana iya wuntsila mutum.

Batun abinci kuwa wajibi ne Musulmi ya tattauna shi da masu shirya tafiya tun kafin ya biya kuɗi. A ƙauyukan kudu naman alade shi ne naman yau da kullum, har ganye ma sau da yawa da kitsensa ake soyawa, romon taliyar shinkafa ta Guilin ma yawanci da ƙashinsa ake haɗawa, sannan shahararren kifin Yangshuo da barasa ake dafa shi. Saboda haka cewa ba ka cin nama bai wadatar ba. Mun sa jagoran ya rubuta mana da rubutun Sinanci cewa ba alade, ba kitsensa, ba barasa, muka riƙa nuna takardar a duk inda muka zauna. A cikin garuruwa abin da sauƙi, domin da wuya ka rasa shagon taliyar Lanzhou na Musulmi mai koren allo. A ƙauye kuwa dafaffen ƙwai, da masara, da dankali, da gyaɗa su ne suka riƙe mu, Alhaji kuma ya yi ta mitar kilishin da aka hana shi shigowa da shi. Salla ba ta yi wuya ba, tunda matafiyi yana da sauƙin ƙasaru da haɗa azahar da la'asar, alƙibla kuma tana yamma.

Tuƙi a cikin birni wani fanni ne na daban. A dama ake tuƙi kamar a Najeriya da Nijar, kuma manyan tituna suna da layin kekuna mai faɗi, amma layin cike yake da babura masu aiki da batir waɗanda ba su da ƙara ko kaɗan, sai dai ka ji iskar wucewarsu a gwiwar hannunka. Mai keke a can ba ya karkacewa ba tare da ya waiwaya ba. WhatsApp da taswirar Google ba sa aiki da layin wayar ƙasar, don haka da WeChat, manhajar saƙo ta Sinawa, muka riƙa neman juna, kowa kuma yana ɗauke da katin otal da fasfonsa, wanda ba a shiga jirgin ƙasa ko a kama ɗaki sai da shi.

Xi'an da jirgin sama muka je. Ganuwar birnin, wadda aka fara ginawa a 1370 a farkon daular Ming, tsawonta kusan kilomita 14 ne, tsayinta mita 12, samanta kuma yana da faɗin da motoci biyu za su gifta juna. A saman ake ba da hayar keke, a zagaya tsohon birnin gaba ɗaya ana kallon tsofaffin rufin gidaje ta ciki da dogayen benaye ta waje. Tubalin da aka shimfiɗa yana girgiza mutum har haƙora, don haka gudu ba shi da amfani. Duk wanda ya san halin da badalar Kano ke ciki ba zai gama zagayen nan ba tare da wani abu ya tsaya masa a rai ba. Mun kuma je Lintong ganin rundunar mutum-mutumin sojojin yumɓu da ke gadin kabarin Sarki Qin Shi Huang, wadda manoma masu haƙar rijiya suka tono a 1974.

Ranar Juma'a muka nemi izini muka ware daga tawagar muka nufi Babban Masallacin Xi'an, wanda ake danganta kafuwarsa da shekarar 742. Gininsa na katako ne mai lanƙwasassun rufi da farfajiya bayan farfajiya, babu ƙubba irin wadda muka saba gani, amma rubutun Larabci yana nan a jikin ƙofofi da bangaye. Baƙin da ba Musulmi ba iyakarsu farfajiya, mu kuwa sallama kawai muka yi aka buɗe mana hanya zuwa cikin sahu. Bayan an idar wani tsoho mai farar hula ya ja mu zuwa wani shago a unguwar Musulmi, ya nuna mana yadda ake marmasa gurasa da hannu ƙanana-ƙanana a cikin kwano kafin a zuba mata romon rago. Sauran 'yan tawagar sun same mu a nan da yamma, kuma a ranar kowa abinci ɗaya ya ci, ba tare da mun nuna wa kowa takarda ba.