Maskin da na ɓoye kafin la'asar

Tun da hantsi na zauna kan zana a kwamfuta zoben da Kawu ya kawo mini aikinsa daga wani shago a Balad, wanda za a zuba da zinari karat 21 bayan an fitar da samfurinsa da kaki. Har azahar raina fari ƙal, domin ganyayen da ke kewaye da mazaunin dutsen sun fito yadda nake so.

Abin da ya rage shi ne in ɗaga ganyayen kaɗan ba tare da na taɓa mazaunin dutsen ba. Don haka na danne Ctrl a ZBrush, manhajar da nake sassaƙa da ita, na shafe wurin da maski, wato kariyar da ke hana burushi taɓa wuri, ya yi duhu kamar yadda ya saba, sannan na sake danne Ctrl na taɓa jikin zoben sau biyu domin bakin maskin ya yi laushi, kada ganye ya tashi da kaifi kamar an yanke shi da wuƙa. Sai dai duhun maski yana hana ido ganin lanƙwasa a ƙaramin abu irin wannan, shi ya sa na danna Ctrl da H na ɓoye shi. Duk wanda ya saba da manhajar ya san ɓoye maski daban, share shi daban: duhun ne kaɗai yake tafiya, kariyar tana nan daram. Ni da bakina na koya wa Auta haka watanni biyu da suka wuce. Ina cikin aikin ganyayen aka kira la'asar, na tashi na bar kwamfutar a kunne.

Da na dawo daga masallaci na tarar da Auta a kan kujerata, ya miƙe da sauri ya ba ni wuri. Na koma kan mazaunin dutsen don in gyara ƙafafun da za su riƙe shi, amma burushi ya ƙi ci. A tsakiya ko alama ba ya bari, a gefe kuma yana ci kaɗan-kaɗan kamar alƙalamin da tawadarsa ta kusa ƙarewa. Wannan cin rabi-rabi ne ya ruɗe ni, domin na ɗauka alƙalamin allon zanen ne ya daina jin dannawa. Na sauya masa tsini, na zare wayar allon na mayar, na ƙara ƙarfin burushi har ƙarshe, duk a banza.

Sai na juya na ce, "Auta, me ka taɓa?"

Ya ce, "Wallahi Yaya ban taɓa komai ba, juya shi kawai na yi ina kallo."

Ban saurare shi ba. Na ce masa wannan aiki ba wasan waya ba ne, dukiyar mutane ce, kuma Kawu ya riga ya yi wa mai shago alkawarin Alhamis. Na ce in ba zai iya riƙe hannunsa ba, ya daina shigo mini ɗaki. Muryata ta ɗaga har Hajiya ta leƙo daga kicin, ta dube mu ta koma ba ta ce uffan ba. Auta ya tsaya a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, yana murza gefen jallabiyarsa da yatsu. Can ya ce a hankali, "Yaya, ko maskin ne yake ɓoye? Ai ka ce mini in burushi ya ƙi ci, shi zan fara dubawa."

Na danna Ctrl da H, duhun ya dawo a kan mazaunin dutsen, daidai inda na shafa shi da hannuna, da bakinsa mai laushi wanda ya sa burushin yake ci rabi-rabi a gefe. Da ban tausasa bakin ba, da burushin ya tsaya cak a kan layi, kuma da wataƙila na gane tun farko. Maɓallin nuna maski ma yana nan a kashe a cikin jerin kayan aiki, ban ɗaga ido na dube shi ba, domin na riga na yanke hukunci tun lokacin da na ga yaron a kan kujerata.

Gyaran bai ɗauke ni minti 20 ba. Ban share maskin ba; na danne Ctrl na taɓa filin da babu komai, ya juye, ganyayen suka rufu, mazaunin dutsen ya buɗe, na gama ƙafafun na tura wa Kawu hotuna.

Bayan magariba na same shi a falo na ce ya yi haƙuri, laifina ne. Ya ce, "Ba komai, Yaya," amma bai dube ni ba, kuma bayan isha'i bai zo ya zauna kusa da ni ba kamar kullum. Ƙaramar kujerar da yake jawowa tana nan jingine da bango. Zobe na biyu yana da rubutu a cikinsa wanda sai an shafa masa maski harafi bayan harafi, kuma na ajiye masa shi, in ya shigo gobe.