Tarihin Rayuwata, Kashi na Biyar: Tunkiyar da Ta Sa Na Fara Rubutu

Makon jiya na tsaya a inda na gama kwalejin horon malamai, na dawo gida Wusasa, aka ba ni aji biyu a firamare. Da yawa kun tambaye ni yadda aka yi malamar firamare ta koma rubuta wa yara littattafai. To, ba a cikin aji abin ya soma ba. A gindin mangwaro ne, ranar wata Lahadi da damina.

Ga wanda bai san Wusasa ba, ƙaramin gari ne a gefen birnin Zariya, kusa da dutsen Kufena. 'Yan mishan na CMS, wata ƙungiyar mishan daga Ingila, sun taso daga cikin birni suka zauna a nan a 1929, aka gina majami'a da ƙasa, ginin Hausa sosai, irin wanda in ka shiga da tsakar rana sai ka ji sanyi ya ratsa ka. Mu Hausawa ne, kuma Kirista. Da Hausa muke addu'a, da ita muke waƙa, da ita iyayenmu suke yi mana faɗa. Ina faɗin wannan ne domin har gobe akwai masu jin haka su riƙe baki.

Tun ina ɗaliba nake koyarwa a makarantar Lahadi, saboda haka da na dawo sai aka danƙa mini ƙananan yara. Kayan aikinmu wasu manyan hotuna ne masu launi da aka kawo daga Ingila tun kafin a haife ni, gefensu duk ya lanƙwashe don sha hannu. Ran nan darasinmu misalin ɓatacciyar tunkiya ne, wanda Yesu ya bayar a Luka sura 15 cikin Littafi Mai Tsarki: mai tumaki ɗari ya bar casa'in da tara a jeji ya tafi neman guda ɗaya da ta ɓata. Na ɗaga hoton: wani dogon mutum da sanda mai lanƙwasa, ciyawa kore shar, a kafaɗarsa wata dabba fara fat, gashinta cunkus kamar an yafa mata auduga.

Akwai wani yaro da ke zama can baya, bai fi shekara takwas ba, kullum ƙafarsa da taɓo saboda daga kiwo yake zuwa. Bai taɓa magana a ajina ba sai ranar. Ya ce, "Malama, wannan mece ce?"

Na ce tunkiya ce mana.

Ya girgiza kai. "Ba uda ba ce, ba balami ba ce, ba 'yar ƙasa ba ce." Yara suka yi dariya, shi kuwa ko murmushi bai yi ba. Da na gama labarin ya sake ɗaga hannu. "Malama, da ya tafi neman ɗayar, wa ya bar wa sauran? In suka faɗa gonar wani fa? Ai ranar sai ya kwana da yunwa."

Ban da amsa. Na ce mu tashi mu yi waƙa.

Abin ya tsaya mini a rai har dare. Na shiga ɗakin Kaka na tarar tana ɓarar gyaɗa a faifai, na ba ta labari. Kaka ba ta yi boko mai nisa ba, amma tana da Littafi Mai Tsarki na tsohuwar fassarar 1932, wanda ta naɗe da ƙyalle, kuma ta san shi kamar tafin hannunta. Ta ji ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Ke dai 'yar nan, yaron nan ya fi ki jin labarin. Shi ya san abin da ake nufi da barin tumaki casa'in da tara a jeji. Ya san kasada ce. Ke kin nuna masa hoto, shi kuwa ya ga asarar da mutumin ya yarda ya yi saboda guda ɗaya."

Na daɗe ban ce komai ba. Gaskiyarta ce. Shekara nawa ina ba da wannan misali kamar labari mai daɗi kawai, alhali wanda ya fara ba da shi ya ba wa mutanen da suka san kiwo ne, ya san kuma zai taɓa su a inda ke musu ciwo. Hoton Ingila ya nisanta labarin daga yaranmu, ni kuma ina ta ɗaga shi sama kowace shekara.

A daren na yago takardu daga tsakiyar littafin shirin darasina, na kunna aci-balbal, na fara rubutu. Labarin wani yaro ne da ke kiwon tumakin babansa a gindin dutse. Hadari ya haɗo, ya kora su gida a guje, da aka zo ɗaure su a turke sai igiya ɗaya ta rage a hannunsa. Uda ce, mai baƙin gaba da farin baya, wadda ya raina tun tana 'yar jaririya. Na rubuta yadda gabansa ya faɗi, yadda ya roƙi ƙanwarsa ta tsare ƙofar garke, yadda ya koma cikin yayyafi yana kiranta, ƙaya ta soke shi a dunduniya bai tsaya cirewa ba. Ya same ta a cikin sarƙaƙiya, ƙafarta ta maƙale. Ban san asuba ta yi ba sai da na ji kiran salla daga masallacin maƙwabtanmu.

Lahadin da ta biyo na karanta musu. Ban taɓa ganin yaran nan sun yi tsit haka ba. Da na zo wurin ƙayar, wata yarinya ta kama dunduniyarta. Mai kiwon nan kuwa ya matso har gabana, ya gyara mini abu ɗaya: ya ce tunkiyar da ta sha wahala ba ta yarda ta bi ka a ƙasa, sai dai ka saɓa ta a wuya, ka riƙe ƙafafunta ta gaba da na baya. Na ce masa haka ma aka rubuta a Luka, a kafaɗa ya ɗauko ta. Ya ce, "To ai shi ma makiyayi ne ke nan." Na gyara rubutuna yadda ya faɗa.

Ba kowa ne ya ji daɗin abin ba. Wani dattijo a ikilisiya, mutumin da nake girmamawa ƙwarai, ya aika a kira ni. Na durƙusa na gaishe shi. Ya ce, "'Yata, na ji kina mai da Maganar Allah tatsuniya. Kin san yadda ake rufe tatsuniya: ƙurunƙus, ba don gizo ba da na yi ƙarya. Kina so yaran nan su girma suna sa Yesu da Gizo a kwando ɗaya?"

Na ce, "Baba, ba nufina ke nan ba." Amma da na koma gida na ga maganarsa tana da nauyi, kuma har yau ina ganin haka. Ita ma Kaka, duk iya tatsuniyarta, ba ta taɓa buɗe labarin Yusufu ko na Dauda da "ga ta nan, ga ta nanku" ba. Sai ta gyara zama, ta ce, "Wannan kuwa ya faru." Saboda haka na sake ƙarshen labarina. Yaron ya dawo da udarsa, kakarsa tana cire masa ƙaya da allura, sai ta ce ya miƙo mata Littafi, ta karanta masa ayoyin Luka yadda suke, ba ƙari ba ragi. Labarina ya tsaya a matsayin ƙirƙira, Nassi ya tsaya a matsayinsa. Na kai wa dattijon ya karanta, ya cire tabarau, ya ce, "Wannan kam a buga shi." A kan wannan tsari na rubuta duk littattafan da suka biyo baya.

Faɗar "a buga" ba wuya. Lokacin ƙarshen shekarun 1980 ne, bayan tsarin tsuke bakin aljihu da aka shigo da shi a 1986, darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsadar gaske. A daidai lokacin ne matasan marubuta a Kano suke buga littattafansu da kuɗin aljihunsu suna kai wa kasuwa, ba su jira wani kamfani ba. Na ce in su za su iya, ni ma zan gwada. Na ɗauki kwasata ta adashi, maigidana ya ƙara da kuɗin buhun masara biyu, matan Zumunta, wato ƙungiyar matan ikilisiyarmu, suka tara mini baiko na musamman. Wani ɗalibina na dā ya zana hotunan da tawada baƙa, ya je har garke ya zauna yana kallon uda kafin ya zana ta.

Tafiretar da na ara ba ta da haruffa masu ƙugiya. Haka kowa yake fama a lokacin: ka buga b, d, k, sannan ka bi da biro kana lanƙwasa musu kai ɗaya bayan ɗaya. Na yi kwana uku ina wannan aiki. Na kai wa wata maɗaba'a, na biya kuɗin kwafi 500. Ban san marubuci yana da damar ya ce a nuna masa shafukan gwaji kafin a buga ba, su ma ba su faɗa mini ba.

Ranar da aka kawo kwalayen, saura mako biyu Kirsimeti, na yanka igiya hannuna na rawa. Bangon ya yi kyau. Na buɗe shafin farko, sai na ga "tunkiya ta bata". Na buɗe na gaba: "kaya ta soke shi". Ashe wanda ya jera haruffan ba ya jin Hausa, ya ɗauka ƙugiyoyin nan dattin biro ne, injinsu ma ba shi da su. Babba zai iya cankar abin da ake nufi. Amma yaron da yake haɗa baƙi da wasali, abin da ya gani shi zai karanta, kuma shi zai riƙe.

Na juya shafin ƙarshe, inda kakar take gaya wa jikanta wane ne makiyayin. Na rubuta, "Yesu ne, Ɗan Allah." Abin da aka buga shi ne "Dan Allah", kamar mai roƙon a taimake shi da wani abu. Jimlar da na gina littafin gaba ɗaya dominta. Na zauna a kan kwalin na yi kuka sosai.

Na koma maɗaba'ar, suka ce sai in na sake biya. Ba ni da ko sisi. Shugabar Zumuntar Mata ce ta zo gida ta same ni, ta ɗauki kwafi ɗaya ta duba, ta ce, "Ƙanwata, share hawayenki. Ba da biro kika sa su da farko ba? Biro ya ƙare a Zariya ne?"

Washegari da la'asar mata goma sha ɗaya suka shimfiɗa tabarmi a tsakar gidanmu. Na yi wa kwafi ɗaya alama da jan biro, kowace ta ɗauki shafi biyu ta haddace wuraren, littafi yana yawo daga hannu zuwa hannu. Wasu goye da jarirai, wasu suna rera waƙoƙin sujada a hankali. Kaka ba ta gani sosai a lokacin, amma ta ce a bar mata shafin ƙarshe. Ta sa jikarta ta aza mata yatsa a kan harafin, ita kuma ta ja ƙugiyar. Kwana shida muka yi.

Kwafin farko da aka gama, mai kiwon nan na kai wa har garke. Ya goge hannu a riga kafin ya karɓa, ya daɗe yana kallon bangon, sannan ya ce, "Malama, wannan uda ce."

Mako mai zuwa, in Ubangiji ya kai mu, zan ba ku labarin yadda na ɗauki kwali biyu a motar haya zuwa Jos neman mai sayar mini, da wasiƙar da ta zo mini daga wani malamin makarantar allo wanda ɗansa ya shigo masa da littafin gida.