Takarda ba ta naƙuda

Akwai wani ƙaramin likita a sashenmu na mata da haihuwa, yaro mai kaifin basira, da ke shirin jarrabawar ƙwarewa. Wani dare na leƙa ɗakin hutun likitoci na tarar ya duƙufa a kan waya yana danna amsoshin tsofaffin tambayoyi. Ungozoma ta aiko a kira shi, wata ta haihu mahaifarta ta ƙi tsukewa. Ko kai bai ɗaga ba ya ce a kira na ƙasa da shi. Da ya hango ni sai ya miƙe: "Yallaɓai, jarrabawa ta matso, lokaci nake tattali." Na buɗe baki zan yi faɗa, kunya ta rufe ni, domin maganar nan tawa ce. Na sha faɗinta.

A zamaninmu ba waya, kwafen takardu ne ke yawo daga hannu zuwa hannu, rubutun duk ya koɗe, wani da ba mu sani ba ya zagaye amsoshi da biro. Na haddace su kamar karatun allo. Matakin farko, wanda ake tambayar tsarin jiki da aikin gaɓɓai da magunguna, na wuce shi ba gumi, kuma wannan nasarar ce ta yaudare ni. Na ce ashe haka abin yake. Na shiga musayar kwanan aiki da abokai, ina lallaɓa wannan ina roƙon wancan, duk don in kauce wa ɗakin haihuwa in zauna da takarduna.

Ba wai kare kaina nake yi ba, amma a duba halin da muke ciki. Likitoci kaɗan, mata cike da gadaje, ka shiga da safe sai wata safiyar. Ga iyali, ga kuɗin jarrabawa daga aljihunka, in ka faɗi kuma ka sake biya ka jira wani zangon. Wanda bai yi barci ba yaya zai yi karatu? Har yau ina ganin da an ba mu lokacin karatu na gaskiya, da ban yi abin da na yi ba. To amma abokaina da na tura wa kwanakina su ma ba su yi barcin ba, kuma sun riga ni wucewa.

Ranar jarrabawar baki wata dattijuwa mai tabarau cikin masu jarraba mu ta ajiye ƙaramar kwalbar allurar jijjiga a gabana, wato magnesium sulphate, ta ce mai ciki ce aka kawo tana jijjiga. Na zuba mata tsarin Pritchard ba numfashi: giram 4 ta jijiya, giram 10 a ɗuwawu, biyar kowane gefe, sannan giram 5 duk bayan awa 4. Ta gyaɗa kai. Ta ce lokacin allura ta gaba ya yi, nas ta ce fitsarin da ke jaka bai taka kara ya karya ba, me zan yi? Na san jerin: a buga gwiwa a ga ko tana zabura, a ƙirga numfashi, a auna fitsari, a ajiye calcium gluconate kusa, wato maganin da ke karya ƙarfin allurar in ta yi yawa a jiki. Amma ban taɓa tsayawa a bakin gado na yanke hukuncin dakatar da allurar da kaina ba, sai na shiga kame-kame. Daga nan ta turo mini ƙugun roba ta ce in nuna yadda zan matse mahaifa da hannu biyu in jini ya ɓalle. Hannuwana suka tona mini asiri. Na faɗi. Na daɗe ina cewa matar ta tsane ni ne, kuma gaskiya har gobe ina ganin ta tsananta. Sai dai da matata ce a kan gadon, ni ma ba zan so likita irina na wancan lokacin ya taɓa ta ba.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari da yawa, ku ƙananan likitoci masu shirin wannan jarrabawa, da na tace su sai suka ragu.

In an kira ka, tashi ka je. Matar da ka gani yau da dare, karanta ciwonta kafin ka kwanta, ko shafi biyu ne. Wanda ya taɓa ganin yadda bututun fitsari mai saukowa daga ƙoda ke ratsawa ta ƙarƙashin jijiyar jinin mahaifa, dab da bakin mahaifa, yana riƙe da almakashi zuciyarsa na bugawa, ba ya bukatar haddar wannan amsar. Ko ta Kwalejin Likitocin Fiɗa ta Afirka ta Yamma za ka bi, ko ta kwalejin ƙwarewa ta Najeriya da aka kafa a 1979, ko MRCOG, jarrabawar kwalejin likitocin mata da haihuwa ta Landan, ƙarshenta dai sai an zaunar da kai an kalli bakinka da hannunka. Masu ganin ta Landan mafaka ce, mataki na uku tashoshi 14 ne, wasunsu da mutum a gabanka yana kwaikwayon majiyyaciya, kana mata bayani ana saurare.

Takardun nan kuma suna ɗauke da matattun amsoshi. Tun 2017, bayan binciken WOMAN da aka yi a kan mata kusan 20,000, tranexamic acid ya shiga maganin zubar jini bayan haihuwa, giram 1 cikin awa 3 da haihuwa. A 2018 FIGO, ƙungiyar likitocin mata da haihuwa ta duniya, ta sauya matakan sankarar bakin mahaifa. A 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da sabon jadawalin lura da naƙuda, inda naƙuda mai ƙarfi ke farawa daga buɗewar santimita 5 maimakon 4 da muka haddace. Mai zagaye amsa da biro ba zai dawo ya gyara maka ba.

Duk da haka kada wani ya ce na hana yin tsofaffin tambayoyi. Ku yi su, da yawa ma, da agogo a gabanku, domin wanda bai san salon tambaya ba zai faɗi ko ya kwana a ɗakin tiyata. In makonnin ƙarshe sun zo, nemi hutu, kashe waya, kulle ƙofa. Na san yanzu na gama cewa in an kira ka ka tashi. Ku haɗa biyun yadda za ku iya, ni ban iya ba.

Abin da ke ci mini rai da ku yaran yanzu shi ne son taƙaitawar taƙaitawa. Littafi ya yi nauyi, a ba ku bidiyon minti biyar, shi ma sai kun ƙara masa gudu. A tambaye ka dalilan zubar jini huɗu, mahaifa ta saki, ko yagewa, ko ragowar mabiyiya, ko jini ya ƙi daskarewa, sai hannu ya nufi aljihu. Ku riƙa zama biyu-biyu kuna yi wa juna tambaya da baki, da ƙarfi, har harshe ya saba. Kundin binciken matakin ƙarshe ku fara shi da wuri, izinin kwamitin ɗa'a kaɗai yana iya cin watanni. Littafin rajistar ayyuka kuwa, kada wanda ya kawo mini shi ana gobe rufe karɓa ya ce in sa hannu a kan fiɗar da ban ga ya yi ba. Ba zan sa ba.