Babbar manhajar da ke cikin tankin ruwana

A watan jiya na haɗa wata 'yar na'ura da za ta riƙa sanar da ni ta waya idan ruwan tankin gidanmu ya yi ƙasa. Allon ESP32, wata 'yar ƙaramar kwamfuta, na yi amfani da shi, wanda bai kai girman kwalin ashana ba, kuma babbar manhajar da ke tafiyar da shi ita ce FreeRTOS, wadda Richard Barry ya ƙirƙira a shekarar 2003, kafin kamfanin Amazon ya karɓi kula da ita a 2017.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda take raba lokaci tsakanin ayyuka. Na ba ta aiki biyu, ɗaya yana auna zurfin ruwa, ɗayan yana aika saƙo ta intanet, sai ta riƙa ba kowanne damarsa gwargwadon muhimmancin da na sanya masa, ba tare da wani ya danne wani ba. Da na yi kuskuren ware wa aikin aika saƙo ma'adanar bayanai da ta yi masa kaɗan, allon ya dinga mutuwa yana tashi har tsakar dare. Da yake manhajar a buɗe take ga kowa, na shiga cikin rubutunta na bi sawun matsalar da kaina.

Akwai irinta da dama, kamar Zephyr da gidauniyar Linux ta ƙaddamar a 2016, da Contiki da Adam Dunkels ya fara a Suwidin. A ganina dai, ga mai koyo, FreeRTOS ta fi sauƙin shiga.