'Yan kyanwan da na tsinta a bayan gida

Jama'a, riƙon 'yan kyanwa marasa uwa ba wasa ba ne. Na tsinto su cikin kwali a bayan gidanmu, ko ido ba su buɗe ba, wato ba su wuce kwana 10 da haihuwa ba. Likitan dabbobi ya ce a fara ɗumama su kafin a ba su komai, don jikinsu bai iya riƙe zafi da kansa. Kuma kada a ba su madarar shanu, gudawa take sa su. Tasu ta musamman ake ba su da sirinji, duk bayan awa 2 zuwa 3, har cikin dare, suna kwance a kan ciki don kada su shaƙe. Abin da ya fi ba ni mamaki, sai an goge musu ƙasa da tsumma mai ɗumi kafin su yi fitsari, aikin da uwa ke yi da harshenta.

Maƙwabciyata dai ta ce baƙar cikinsu mayya ce. Ita ce ma mafi ƙiriniya. Yanzu sun kai wata 2, suna cin abinci da kansu. Mai so ya yi magana, amma banda mai ɗaure su.